Fashin baƙi: distiroyoyin farko na Rasha, daga Sokol zuwa Novik

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin labarin yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 zai ga kullum manyan jiragen nan masu sulke da manyan igwa ake ambata, su ne a hoto su ne a bakin mutane. Ni kuma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai ƙananan ne, waɗanda ake cewa distiroya, domin su ne kullum a waje cikin dare da sanyi, su ake turawa leƙen asiri, su ke tsamo mutane daga ruwa, kuma su suka fi mutuwa ba tare da an san sunan kowa ba. An ƙera su ne don abu ɗaya, yaƙi kuma ya zo ya sa su wani abu daban, toh wannan tazarar ita nake so mu duba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ma aka yi irin jirgin. Wajen 1866 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Robert Whitehead ya ƙera tofido, wato wani dogon makami kamar kifi wanda ake saki cikin ruwa ya tuƙa kansa da iskar da aka matse a cikinsa har ya je ya daki jirgi a ƙasan ruwa inda babu sulke. Rashawa na cikin na farkon da suka gwada shi a yaƙi na gaske, a Janairun 1878 lokacin yaƙinsu da Turkiyya wani matashin hafsa Stepan Makarov ya ɗauko ƙananan kwale-kwale masu inji a kan jirginsa ya sauke su kusa da Batum, biyu daga ciki suka harba tofido suka nutsar da jirgin Turkawa mai suna Intibah. Daga nan kowace ƙasa hankalinta ya tashi, kaga jirgin da aka kashe dukiya mai yawa da shekaru wajen ƙerawa ga shi ɗan kwale-kwale zai iya kai shi ƙasa cikin dare ɗaya. Maganin da Ingila ta kawo a 1893 shi ne jirgi mai suna Havock, wanda ya fi kwale-kwalen tofido girma da gudu, yana da igwa da zai farauce su, shi ma kuma yana ɗauke da nasa tofidon. Asalin distiroya kenan, mafaraucin masu farauta.

Akwai wani abu a harshen Rashanci da ya kamata a riƙe tun yanzu. Su ba su raba tofido da nakiyar ruwa a suna ba a wancan lokacin, tofido a wurinsu nakiya ce mai tafiya da kanta, shi ya sa suke kiran jirgin minonosets, ma'ana mai ɗauke da nakiya. Daga 1907 manyan cikinsu suka koma eskadrenny minonosets, aka taƙaita zuwa esminets, kalmar da har yau ita suke amfani da ita. Ku riƙe kalmar nakiya ɗin nan, za mu dawo kanta.

Rasha ta yi odar nata na farko daga kamfanin Yarrow na Landan, shi ne dai ya ƙera Havock. Aka kawo shi 1895 aka sa masa suna Sokol, wato shaho. Tsawonsa kamar mita 58, faɗinsa bai kai mita 6 ba, nauyi kamar tan 220, kuma a ranar gwaji ya haura not 30, wato kusan kilomita 56 a awa, abin da ya sa aka riƙa kiransa jirgin yaƙi mafi gudu a duniya a lokacin. Yadda Yarrow ya samu wannan gudun shi ne ya rage nauyi a duk inda zai iya, ya yi amfani da ƙarfe mai gaurayen nikel don jikin ya yi siriri amma ya riƙe, wasu sassan ma da alminiyam aka yi su. Makamansa igwa ɗaya mai milimita 75 a gaba, ƙanana uku masu milimita 47, sai bututun harba tofido biyu.

Manyan sojan ruwan Rasha suka ga wannan suka ce shikenan an samu abin kwaikwayo, aka raba zanen ga masana'antun gida, Nevsky da Izhora da Crichton, aka ƙera guda 26 irinsa. Amma na gida ba su fito kamar na Landan ba, sun fi nauyi, aikin bai kai na can tsafta ba, gudunsu ya tsaya tsakanin not 26 da 27, kuma wannan ɗin ma a ranar gwaji ne, ruwa a kwance, kwal mai kyau, ƙwararrun masu zuba wuta na kamfani, jirgi babu kaya. Bayan wata shida ana aiki da shi a ruwan gishiri tukwanen tururi sun yi datti, ƙasan jirgi ya yi gansakuka, lissafin ya canza gaba ɗaya. 12 daga cikinsu ma gunduwa-gunduwa aka loda su a jiragen dakon kaya aka kai Port Arthur, tashar da Rasha ta karɓa haya daga Sin a 1898, wadda yau ake kira Lushun, aka harhaɗa su a can.

A 1898 ɗin dai, da suka ga Japan na ta sayen jirage, sai aka fito da sabon shiri na musamman don Gabas Mai Nisa, aka watsa oda ƙasashe. Kamfanin Schichau na Jamus ya yi guda huɗu, Faransa ta yi biyar, Laird na Ingila ya yi ɗaya wanda aka sa wa suna Som, wato tarwaɗa, a gida kuma Nevsky ya ƙera wasu masu tan 350 da suka ɗan fi Sokol girma. Da farko sunayen tsuntsaye da kifaye ake ba su, sai a 1902 aka canza musu zuwa sunayen siffa, Sokol ya koma Prytky mai zafin nama, aka samu su Steregushchy mai gadi, Reshitelny mai azama, Strashny mai ban tsoro, Bezuprechny marar aibu. Matsalar wannan sayen nan da can ita ce rundunar ta zama tarkace, na Jamus injinsa daban, na Faransa tukunyarsa daban, kayan gyaran wannan ba ya shiga wancan, ga Port Arthur ɗin ba ta da wadataccen wurin gyara, ga gida yana can ɗaya ƙarshen duniya.

Amma babban kuskuren a ganina a igwa yake. Jiragen Japan su ma yawancinsu a Ingila aka yi su, Yarrow da Thornycroft, kenan kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke da Sokol, sai dai su suna ɗauke da igwa mai milimita 76 da ƙanana masu milimita 57, wasu ma an ƙara musu mai 76 ta biyu a baya. Na Rasha kuwa babbar igwar ɗaya ce tak kuma a gaba take, idan aka biyo ka ta baya sai dai ka mayar da martani da masu milimita 47 waɗanda harsashinsu bai fi ƙarfin ya huda ya wuce ba. Ita kanta mai 75 ɗin harsashin huda sulke aka fi ba ta, wanda in ya samu jirgi mai siririn jiki sai ya ratsa ta wannan gefe ya fita ta wancan bai yi wata ɓarna ba. Waɗanda suka zana jiragen tunaninsu shi ne jirgin zai lallaɓo da dare ya harba tofido ya gudu, ba su ɗauka zai tsaya musayar wuta da ɗan uwansa da rana tsaka ba, alhali abin da ya riƙa faruwa kenan kusan kullum.

Ka kuma yi tunanin rayuwar mutum 50 a cikin wannan bututun ƙarfe. Jikin jirgin 'yan milimitoci ne, lokacin hunturu a Tekun Rawaya raɓa na ɗiga daga rufi kan masu barci, igiyar ruwa na hawowa ta gaban jirgin ta jiƙa wanda ke tuƙi domin wurin a buɗe yake, a ƙasa kuma masu zuba kwal suna gaban wuta a ɗaki rufaffe, in harsashi ya fasa bututun tururi su ne na farkon da za su ƙone kuma ba su da hanyar fita da sauri. Idan aka matsa wa injin don a yi gudu sosai da dare, wuta kan fito ta bakin bututun hayaƙi ta tona asirin jirgin daga nesa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Daren 8 ga Fabrairun 1904 distiroyoyin Japan goma suka nufo Port Arthur ba tare da an shelanta yaƙi ba. Rasha na da guda 25 a tashar, biyu suna sintiri a waje a daren, Besstrashny da Rastoropny, amma umarnin da aka ba su shi ne kada su buɗe wuta, su dai dawo su ba da rahoto. Kafin rahoton ya yi wani amfani tofido ya riga ya samu manyan jirage biyu, Retvizan da Tsesarevich, da kuruza Pallada, wato matsakaicin jirgin yaƙi wanda ya fi distiroya girma amma bai kai manyan ba. Japanawan sun harba 16 uku suka samu, a kan jiragen da ke tsaye cak da fitilu a kunne, wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tofidon wancan zamanin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Makarov ɗin nan na Batum, yanzu ya zama admiral, ya iso ranar 8 ga Maris ya karɓi rundunar, kuma abu na farko da ya yi shi ne ya riƙa tura distiroyoyi waje kowane dare. Da asubar 10 ga Maris Reshitelny da Steregushchy suna dawowa daga leƙen asiri suka yi kiciɓis da na Japan huɗu. Reshitelny ya samu ya kutsa ya shige ƙarƙashin kariyar igwan tudu duk da kyaftin ɗinsa ya ji rauni, shi kuwa Steregushchy harsashi ya lalata masa tukwanen tururi ya tsaya cak, suka kewaye shi suna ta ruwan wuta. Kyaftin ɗin, Laftanar Sergeyev, ya mutu, sauran hafsoshi duk suka mutu, aka ci gaba da harbi har igwa ta ƙarshe ta yi shiru. Cikin mutum kusan 50 huɗu ne kacal suka rayu. Japanawa sun hau jirgin sun ɗaura masa igiya za su ja shi, igiyar ta tsinke, ga kuma Makarov da kansa ya fito a kan kuruza mai suna Novik, sai suka bar shi ya nutse.

Daga baya jaridu suka yaɗa cewa wai matuƙa biyu ne suka kulle kansu a ƙasa suka buɗe wa ruwa hanya don kada abokan gaba su samu jirgin, har aka gina abin tunawa a Petersburg a 1911 mai nuna su biyun ruwa na kwararowa a kansu, Sarki Nikolas na biyu da kansa ya halarci buɗewa. Amma masu binciken tarihi na rundunar ruwan tun a lokacin sun gano labarin ba shi da tushe, ramukan harsashi ne suka cika jirgin da ruwa. Abin da ke ba ni haushi a nan shi ne gaskiyar ta fi ƙagaggen labarin nauyi, mutanen nan sun tsaya a kan igwansu jirgi ba ya motsi har kusan dukkansu suka ƙare, me ake nema a ƙara a kan wannan? Sannan labarin mutum biyun ya taimaka wajen kawar da ido daga tambayar da ta kamata a yi, wato wa ya tura su da igwa ɗaya.

Wata guda bayan haka abin ya maimaita kansa, mafi muni ma. Daren 12 ga Afrilu Strashny ya ɓace wa 'yan uwansa cikin duhu da ruwan sama, ya ga wasu jirage ya bi sahunsu yana zaton nasu ne, sai da gari ya waye aka ga ashe na Japan ne. Harsashi ya samu tofidon da ke cikin bututunsa ya fashe, kuruza Bayan da ta zo ceto mutum biyar kawai ta tsamo. Makarov ya fito da manyan jirage saboda wannan faɗan, a hanyar komawa jirginsa Petropavlovsk ya taka nakiyar da Japanawa suka dasa a daren, ya nutse cikin kamar minti biyu da mutum fiye da 600, har da shi Makarov ɗin da shahararren mai zane Vereshchagin. Kwana 36 kacal ya yi yana jagorancin rundunar.

Toh ga inda maganar nakiya ta dawo. A duk tsawon yaƙin babu wani babban jirgin yaƙin Japan ko ɗaya da tofidon distiroyar Rasha ya nutsar. Abin da ya yi wa Japan ɓarna nakiya ce da ake dasawa ta zauna shiru tana jira, ranar 15 ga Mayun 1904 manyan jiragenta biyu cikin shida, Hatsuse da Yashima, suka tafi a rana ɗaya a kan nakiyoyin da jirgin Rasha mai suna Amur ya dasa. Ganin haka sai matasan hafsoshi suka fara ƙirƙiro hanyar ɗora nakiya a bayan distiroya suna fita da dare suna zubawa, cikinsu akwai Aleksandr Kolchak da ke riƙe da Serdity, a Disamba kuma kuruzar Japan Takasago ta taka nakiya ta nutse a wajen tashar. Sauran aikinsu sharar nakiyar abokan gaba ne, da harbin sojan ƙasa daga gaɓa, da kai saƙo. Wanda ya fi suna a kai saƙo shi ne Laftanar Burakov, jirgin da Jamus ta ƙera wa Sin aka ƙwace a Taku a 1900, shi ya fi kowa gudu a tashar yana ratsa shingen Japan ya je ya dawo har aka nutsar da shi a Yuli. Reshitelny kuwa a Agusta ya kai saƙo tashar Chefoo ta Sin, wadda ba ta cikin yaƙin, aka kwance masa makamai bisa doka, Japanawa suka shigo har cikin tashar suka ƙwace shi da ƙarfi suka mayar da shi nasu. Daren da Port Arthur za ta miƙa wuya a farkon Janairun 1905, guda shida da suka rage da ƙafafunsu suka sulale zuwa tashoshin Sin, ɗaya daga ciki, Statny, ɗauke da tutocin rundunonin da aka yi wa ƙawanya.

Sai rundunar ceto da aka taso daga Baltik ƙarƙashin Admiral Rozhestvensky, tafiyar wata bakwai. Manyan jiragen ta gaɓar Afirka suka bi, sun sha kwal a Dakar da Gabon suka zagaya ta ƙasan nahiyar zuwa Madagaska, distiroyoyin kuma aka bi da su ta Suez don ba za su iya doguwar hanyar ba, a wurare da dama ma jan su aka riƙa yi da igiya don a tanadi kwal da injin. Tsoron kwale-kwalen tofido ya kama rundunar tun daga gida har ta kai a Oktoban 1904 suka buɗe wa masuntan Ingila wuta a Dogger Bank da dare suna zaton Japanawa ne, abin da ya kusa jawo yaƙi da Ingila.

Distiroyoyi tara ne suka isa mashigin Tsushima da ke tsakanin Koriya da Japan ranar 27 ga Mayun 1905, injuna a gajiye, kuma ba a ba su aikin kai hari ba, an ce su tsaya kusa da manyan jirage don kwashe admiral in jirginsa ya lalace. Buiny ƙarƙashin Kolomeitsev ya tsamo mutum fiye da 200 daga ruwa bayan babban jirgi Oslyabya ya kife, sannan ya matsa jikin Knyaz Suvorov, jirgin admiral ɗin, da ke ci da wuta, ana harbi igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa, wanda karo ɗaya da jikin babban jirgin zai iya murƙushe shi, aka sauko da Rozhestvensky da rauni a ka. Wannan aikin ni a wurina ya fi duk wani harin tofido da aka yi a yaƙin. Washegari injin Buiny ya gaza kwal ya kusa ƙarewa, aka mayar da admiral ɗin kan distiroya Bedovy, shi kuma Bedovy da Japanawa suka cim masa ya ɗaga farar tuta bai harba ko harsashi ɗaya ba, jirgi lafiya lau. An gurfanar da su a kotun soja a 1906, aka wanke Rozhestvensky don ba ya cikin hayyacinsa, aka yanke wa kyaftin ɗin Bedovy da wasu hafsoshi hukuncin kisa, Sarki ya sassauta.

A wannan ranar dai Bezuprechny ya yi faɗa da kuruza Chitose ya nutse babu wanda ya tsira, Gromky ya yi ta musayar wuta da jirage biyu har harsashinsa ya ƙare kyaftin ɗinsa Kern ya mutu a kai, Bodry kwal ya ƙare masa ya yi kwanaki yana yawo a teku har wani jirgin kasuwancin Ingila ya ja shi zuwa Shanghai. Cikin jirage 38 na rundunar gaba ɗaya, uku ne suka isa Vladivostok, kuma biyu daga cikin ukun distiroya ne, Grozny da Bravy. Japanawa kuwa a daren 27 ga Mayu sun saki nasu da yawa a lokaci ɗaya, kusa da gida, injuna sabbin gyara, a kan jiragen da igwa ta riga ta raunata, nan ne tofido ya yi aiki.

Tun yaƙin na gudana a 1904 aka kafa kwamitin tara gudummawar jama'a don sake gina rundunar, ƙarƙashin wani ɗan gidan sarauta Aleksandr Mikhailovich, kuma da kuɗin aka ƙera jirage 18 da ake wa laƙabi da 'yan sa kai. Ana sa musu sunan waɗanda suka ba da kuɗi, akwai Finn, akwai Ukraina, akwai Kazanets, akwai Turkmenets Stavropolsky, akwai kuma Emir Bukharsky, don girmama Sarkin Bukhara Abdul Ahad wanda ya ba da rubul miliyan ɗaya. Eh, Bukhara ɗin dai da muka sani, garin Imamu Bukhari, a lokacin masarauta ce ta Musulmi ƙarƙashin kariyar Rasha. Jiragen nan tan 500 zuwa 600 da ɗoriya ne, zanen Jamus, gudunsu not 25 kawai, wato an haƙura da gasar gudu an nemi jirgin da zai iya zama a teku. Babu ko ɗaya da ya isa fagen yaƙin Japan, amma wajen 1910 aka cire musu ƙananan igwan aka ɗora sabuwar igwa mai milimita 102 ta masana'antar Obukhov, aka shimfiɗa musu dogo a baya na gangara nakiya. Wanda ya horar da su shi ne Nikolai Essen, tsohon kyaftin ɗin kuruza Novik a Port Arthur, mutumin da ya ga komai da idonsa, ya riƙa kutsawa da su cikin duwatsun gaɓar Finlan ba tare da ɗan jagora ba har suka san ruwan kamar tafin hannunsu.

Da ragowar kuɗin gudummawar aka ƙera jirgin da ya canza komai, aka ba shi sunan waccan kuruzar, Novik. Masana'antar Putilov ta Petersburg ta fara shi 1910, aka sa shi a ruwa 1911, injuna da tukwane daga kamfanin Vulkan na Jamus, ya shiga aiki 1913. Nauyinsa ya haura tan 1,200, wato Sokol biyar da wani abu. An bar injin fistin an koma injin tabayin mai juyawa, an bar kwal gaba ɗaya an koma mai, wanda ga Rasha hikima ce babba domin kwal ɗin da Petersburg ke ƙonawa daga Ingila ake kawo yawancinsa alhali man Baku nasu ne, sannan babu sauran mutum da shebur a gaban wuta, famfo ne ke tura mai, jirgi zai iya riƙe gudunsa awanni ba tare da mutane sun faɗi don gajiya ba. A gwaji ya yi not 37.3, kusan kilomita 69 a awa, ya sake karɓo wa Rasha kambun gudu. Amma bambancinsa da Sokol shi ne wannan karon ba a sayi gudun da makami ba, yana da igwa huɗu masu milimita 102 a jere a tsakiyar jirgi yadda duk huɗun za su iya harbi gefe ɗaya, bututun tofido takwas, da wurin nakiya 50. Aka yi odar fiye da 50 irinsa don Baltik da Bahar Aswad, kusan 30 aka kammala kafin juyin juya halin 1917 ya tsayar da aiki.

Da yaƙin duniya na farko ya zo, rundunar Jamus ta fi ta Rasha ƙarfi nesa ba kusa ba a Baltik, don haka Essen bai nemi karo da ita ba, nakiya ya sa gaba. Novik da 'yan sa kai suka riƙa fita a dogayen dararen hunturu suna zuwa har hanyoyin jiragen Jamus suna dasawa suna dawowa kafin asuba. A Nuwamban 1914 babbar kuruza Friedrich Carl ta taka ta nutse kusa da Memel, a Disamban 1915 kuruza Bremen da distiroyar da ke tare da ita suka tafi kusa da Windau, sannan a Nuwamban 1916 distiroyoyin Jamus 11 sababbi suka kutsa Mashigin Finlan don kai hari, bakwai ba su koma gida ba, duk nakiya. Essen bai ga wannan ba, ciwon huhu ya kashe shi a Mayun 1915, Kolchak ne ya riƙe rundunar nakiyar daga baya.

Igwar ma ta samu ranarta. Ranar 17 ga Agustan 1915 a Mashigin Riga, Novik shi kaɗai ya haɗu da sababbin distiroyoyin Jamus biyu, V99 da V100, ya buɗe musu wuta daga nesa ya ji wa dukkansu, V99 yana ci da wuta ya kauce ya faɗa cikin nakiyoyi ya ƙare a nan. Shekara 11 kafin nan huɗu ne suka kewaye Steregushchy mai igwa ɗaya. A Bahar Aswad kuma 'yan uwan Novik aikinsu shi ne yanke hanyar kwal daga Zonguldak zuwa Istanbul, domin babu layin dogo tsakaninsu sai ta ruwa, suka nutsar da jiragen dakon kwal da kwale-kwale masu filafilai bila adadin, wanda gaskiya a nan talakawan matuƙan Turkiyya ne suka sha wuyar, mutanen da neman abinci ya fito da su.

Daga 1917 sai suka watse kamar 'ya'yan da uba ya mutu ya bari. Distiroya Grom ya nutse a faɗa da Jamusawa a Moonsund na Baltik a Oktoban 1917. A Yunin 1918 a Novorossiysk, distiroya Kerch ta harba tofido ta nutsar da babban jirgin Rasha Svobodnaya Rossiya bisa umarnin gwamnatin Lenin don kada Jamus ta samu, kenan babban jirgi mafi girma da tofidon distiroyar Rasha ya taɓa kaiwa ƙasa nasu ne. Wasu sun bi rundunar Janar Wrangel, mai yaƙar gwamnatin Lenin, a 1920 zuwa Bizerte ta Tunisiya suka yi tsatsa a can. Biyu Ingila ta kama a Disamban 1918 ta ba Estoniya, ita kuma ta sayar wa Peru a 1933. Emir Bukharsky da wasu 'yan sa kai aka ja su ta magudanan ruwa da kogin Volga zuwa Tekun Kaspiyan suka yi yaƙin basasa a can.

Shi Novik an gyara shi aka canza masa suna zuwa Yakov Sverdlov a 1926, ya ci gaba da aiki har yaƙin duniya na biyu. Ranar 28 ga Agustan 1941 yana cikin jiragen da ke ficewa daga Tallinn zuwa Kronstadt yana rakiyar kuruza Kirov, a ruwan da shi da kansa ya sha dasa wa Jamusawa tarko, ya taka nakiya kusa da tsinin Juminda ya karye biyu, mutum fiye da 100 suka mutu. Shi ma an ƙaga masa labari, wai ya tare tofidon da aka harbo wa Kirov da jikinsa ne, amma babu jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus a wurin a ranar, filin nakiya ne da Jamus da Finlan suka shimfiɗa. A 2018 masu nutso suka gano shi a ƙasan Mashigin Finlan, gida biyu, igwansa masu milimita 102 suna nan a kansa.